Asabar Ɗin Kawu Eustace

Merva Pinnock mace ce da kunnenta ya fi idonta aiki. Ka tambaye ta launin ƙofar gidan da ta girma a ciki a unguwar Handsworth ta birnin Birmingham a Ingila, sai ta tsaya tana kame-kame. Amma ka tambaye ta irin kukan da ƙofar ke yi in an tura ta, nan take za ta yi maka shi da baki, har da ɗan tarin da take yi a ƙarshe. Mutanen unguwa sun saba ganinta tsaye a bakin titi, jaka a hannu, kai a karkace, tana sauraren abin da babu wanda ya ji sai ita. Masu kawaici su gaishe ta su wuce. Marasa kawaici, irin ƙawarta Claudette mai shagon gyaran gashi, su leƙo su ce, "Ke, dawo duniya. Danja ta ba ki hannu tun ɗazu."

Gado ta yi. Mahaifinta kafinta ne da ya zo Birmingham daga Jamaika. Da rana yana kafa tagogi a gidajen mutane, in ya dawo sai ya shige rumfar da ya kafa a ƙuryar tsakar gida ya hau haɗa akwatunan sifika masu tsayin mutum. A wancan zamanin ba ko'ina baƙar fata ke samun shiga ya yi rawa ba, don haka mutanenmu suka riƙa yin nasu a zaurukan haya, kuma Pinnock ne ke kai musu sauti. Yana da wata ɗabi'a da har yau tsofaffi ke dariyarta. Sai rawa ta yi rawa, kowa ya jiƙe sharkaf, sannan zai ɗage allura daga kan faifai, ya ɗauki makirfo ya hau kiran shagunan layi da sunayensu: mai kifi, mai ɗinki, mai aski, matar da ke sayar da doya da barkono. Ya ce duk ƙafar da ta taka rawa a nan, ranar Litinin ta taka zuwa shagon ɗan'uwanta. Mutane su yi ta ihu ya mayar da kiɗa, shi ko a jikinsa, sai ya kai ƙarshen layi. Babu wanda ya taɓa ba shi ko kwabo a kan wannan.

Bango ɗaya ne ya raba gidansu da gidan burodin Eustace Mullings, wanda yaran layi duka ke kira Kawu. Kawu Eustace ɗan cocin masu kiyaye Asabar ne. Daga faɗuwar rana ta Juma'a zuwa faɗuwar rana ta Asabar ba ya saye, ba ya sayarwa, ba ya kunna tanda, ko da kuwa gari zai kwana da yunwa. Kiɗan Pinnock kuma a wurinsa hanyar ɓata ce miƙaƙƙiya. Sai dai maƙwabtaka ta fi ƙarfinsu su biyu, suka yi wani sulhu da ba a taɓa furta shi da baki ba. Pinnock ba ya gwada akwatunansa sai Asabar da hantsi, bayan ya hangi Kawu ya ɗaura laktaye ya kama hanyar coci.

A irin wannan hantsin ake ɗora Merva a kan babban akwati, ƙafafunta na lilo. Mahaifinta ya saki faifan rege, kiɗan Jamaika, amon ya taso daga katako ya bi ta ƙashin bayanta ya zauna a ƙirji. Ta rufe ido, sai ta ga layin duka ya ɗaga daga ƙasa kaɗan, gidaje da shaguna da bishiyar bakin titi, yana tafiya a hankali zuwa wani wuri mai rana da ba ta taɓa zuwa ba. Washegari Lahadi da sassafe kuma wani sautin ne ke tashe ta ta cikin bango, tsohon injin murza kwaɓi na Kawu da ke da wani ɗingishi a juyinsa, da muryar Kawun kansa yana gunjin waƙoƙin coci ba tare da buɗe baki ba. Ƙamshi ya biyo baya. Tsakanin waɗannan biyun ta girma, ba ta kuma taɓa jin cewa faɗa suke yi ba.

Makaranta ba ta riƙe ta ba, don malamai ba sa son yarinyar da ke kallon taga. Ta yi aikin masana'anta, ta yi na asibiti, ta yi aure ya ƙi zama, ya bar mata ɗa guda wanda yanzu yake Kanada yana kiranta ranar da ya tuna. Daga ƙarshe ta koyi tuƙin bas, kuma a nan ta sami wurin zamanta na kusan shekara talatin. Wanda duk ya san halinta ya ce za ta kashe mutane. Ba ta taɓa goge ko madubi ba. Ashe mai sauraro ya fi kowa sanin abin da ke tahowa, tun kafin birki ya yi ciwo ta riga ta ji shi yana ƙorafi.

Daga wannan kujerar mai tsayi ta kalli layinsu yana yin shiru. Mai kifi ya koma gida Jamaika da niyyar hutawa, bai yi shekara ba ya rasu. Shagon ɗinki ya zama wurin caca. Mai aski ya sayar, 'ya'yansa suka ƙaura bayan gari inda ake da lambu da wurin ajiye mota. Kowa yana cewa ai shaguna sun canza, ita kuwa cewa take muryoyi sun ragu. Da mahaifinta ya rasu aka rasa mai ɗaukar akwatunan, suka zauna a rumfa har damshi ya cinye su. Wannan ya yi mata ciwo ƙwarai, ta daɗe kuma ba ta yafe wa kanta ba. Sai gwiwa ta hana ta taka birki, aka sallame ta da kati da furanni.

A shekarar da ta biyo bayan kullen annobar korona ne zance ya cika intanet cewa baƙar fata su riƙa sayen kayan juna, aka kuma ware Asabar ta farkon kowane wata don haka. Matasa suka ɗauke shi sabon abu, suna ta bayani da manyan kalmomi. Merva ta yi dariya har da ƙwalla, ta ce wa Claudette ai wannan shi babanta ke yi da makirfo tun kafin a haifi iyayensu. Ta shiga ajin koyon kwamfuta da ake yi wa tsofaffi a ɗakin karatu na unguwa, ta sha wahala, ta ba malamin wahala, har ta fito da shafi nata na kanta. Ta raɗa masa suna Layinmu.

Shafin ba shi da kyan gani, wannan kowa ya yarda. Hotunan a karkace suke. Amma in ka taɓa hoton shago, sai ka ji shagon. Merva kan je da wayarta ta zauna a kusurwa ta ɗauki sautin wurin, ta koma gida ta shimfiɗa masa ɗan kiɗa a ƙarƙashi, ta ɗora muryarta tana kiran sunan mai shi. Na Claudette hucin na'urar busar da gashi ne da gulmar mata. Na sabon mai kifi, wani ɗan Saliyo, wuƙa ce a kan katako. Akwai matar da ke haɗa man gashi a kicin ɗinta, akwai mai gyaran keke, akwai mutumin da ke da farar mota yana kai wa mutane kayan da suka saya. 'Ya'yan unguwa da suka watsu a Leeds da Luton da London suka riƙa buɗe shafin don kawai su ji gida, kuma wanda ya ji gida ba ya rasa sayen wani abu. Oda ta riƙa faɗowa wayar Merva da ɗan ƙaramin kuka, ita kuma ta miƙa wa mai ita.

Mutum ɗaya ne ba ya cikin shafin, kuma shi ne wanda ta fi so ya shiga. Kawu Eustace ya haura tamanin. Matarsa ta rasu, 'yarsa ma'aikaciyar jinya ce a wani gari, ba ta kuma ɓoye ba cewa ba za ta ƙare rayuwarta cikin fulawa ba. Har yanzu yana gasa burodinsa mai nauyi irin na gida, wanda in ka yanka ba ya marmashewa, da burodin kayan ƙamshi da ake ci da cuku, da pati, wato fulawar da ake cusa wa alayyafo a gasa, don shi ba ya taɓa nama. Claudette kan ce shagon da babu nama babu Asabar, ai sai dai a je ziyara. Wata Talata cikin kaka Merva ta je sayen burodi, yana naɗe mata shi a takarda ya ce, kamar mai zancen ruwan sama, ƙarshen shekara zai kashe tanda. Ya ce masu cin burodinsa rabi suna ƙasa, rabi sun yi nisa, ba zai ci gaba da gasa abin da zai zauna a kan kantar shago har ya bushe ba.

Merva ta fito da burodi a hammata ta wuce gidanta ba ta sani ba, sai da ta kai ƙarshen layi. Abin da ta gani a ranta shi ne safiyar Lahadi babu komai a bayan bango. A gidan take har yanzu, a ɗakin da ta girma. Ta ji tsoro irin wanda ba ta ji ba ko ranar da aka sallame ta daga aiki.

Ta yi mako tana lallashinsa ya shiga shafin. Ya ce shi bai san intanet ba, ta ce ba sai ya sani ba. Ya ce kada ta kuskura ta sa masa kiɗan ubanta, ta ce ko ganga ɗaya ba za ta sa ba. Da ya gaji ya ce ta yi abin da ta ga dama, dama ita tun tana ƙarama ba ta jin magana. Ranar da ta je ɗaukar sautin, ta zauna a kan buhu ta ajiye wayar kusa da injin. Da farko ya ƙi yin gunjinsa, yana ta harara. Can aiki ya ɗauke masa hankali, ya manta da ita. Injin ya kama ɗingishinsa, kwaɓi na shiga yana fitowa sumul, muryar tsohon ta taso daga ƙirji ta hau kan juyin injin daidai, ba ta riga shi ba, ba ta bar shi ba. Hasken taga ya faɗo cikin ƙurar fulawa. Merva ta rufe ido, layin ya sake ɗagawa daga ƙasa kamar dā, sai da Kawu ya taɓa kafaɗarta ya ce ta tashi masa daga kan buhu.

A hanyar gida ne dabara ta faɗo mata, ta kuma ji daɗin kanta sosai. Ta san Asabar ɗin Kawu fiye da kowa. Shekara hamsin da wani abu yana rufe ƙofa a ranar da kowa ke ciniki, mutane su zo su ga ƙofar ƙarfen shagon a sauke su wuce babban kanti. To ga abin da ba ya buƙatar hannunsa. Shi yana coci yana waƙa, shafi na karɓa masa. Bai taɓa kuɗi ba, bai kunna wuta ba, bai ma sani ba. Ta yanke ba za ta gaya masa ba sai abin ya kankama, don ta ga fuskarsa. Ta saki shagonsa a shafin da safiyar Asabar ta farkon Nuwamba.

Wayar ba ta huta ba ranar nan. Mutane suka ji injin da muryar, suka riƙa tura wa 'yan'uwansu. Wata ta rubuto daga Leeds cewa ta tsayar da mota a gefen hanya ta yi kuka, don da wannan burodin kakarta ta raine ta. Merva na zaune a shagon Claudette, wayar na kuka a cinyarta, matan da ke ƙarƙashin na'ura suna tafi duk sanda ta yi. Claudette ce kawai ta tsaya da tsinken kitso a hannu ta ce, "Ƙawata, kin dai gaya wa tsohon nan ko?" Merva ta ce gobe zai ji, kuma zai yi rawa ko bai so ba.

Lahadi da safe ta same shi yana shafa wa gwangwanaye mai. Ta miƙa masa wayar tana jan sunaye da yatsa, suna ta tahowa ba iyaka. Ya sa tabarau ya duba. Ya tambaya yaushe duk wannan ya faru. Ta ce jiya.

"Jiya da wane lokaci?"

"Tun safe, Kawu. Har yamma ba su tsaya ba."

Ya cire tabarau ya ninke ya sa a aljihu. Ta hau bayani da sauri, cewa ai shi bai taɓa komai ba, na'ura ce ta yi. Ya bari sai da ta ƙare.

"Sunan wa ke a kai?"

"Naka."

"Muryar wa suka ji?"

"Taka."

"Merva, ko jaki nake da shi, ranar nan kwance shi nake ya huta. Ina can ina durƙuso, ashe kin tsayar da ni a kasuwa ina kiran masu saye." Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mata sauƙi. "Ubanki da duk shiriritarsa bai taɓa yi mini haka ba."

Ya ce ta mayar wa kowa kuɗinsa. Ta ce to burodin fa, mutane sun sa rai. Ya ce wanda ya sa rai zai ci, ba laifinsu ba ne. Kwana uku tsohon nan yana tsaye a gaban tanda, ya gasa duk abin da aka nema, ya cika farar motar, bai karɓi ko kwabo ba. Abin da ta yi don ta ceci shagon shi ya cinye masa ɗan abin da ya rage. Da motar ta tashi ya ce ta cire shi daga shafinta, ta cire.

Nuwamba a garin nan dama ba wata ba ne da ake so, wannan kuwa ya fi kowanne nauyi. Merva ta daina zuwa sayen burodi, ba don ya hana ta ba, kunya ce. Safiyar Lahadi takan ji injin ta bango, ta ja bargo ta rufe kai. Claudette ba ta rage mata komai ba. Ta ce mata tana da kunnen da ke jin kukan birki tun daga wata unguwa, amma mutumin da ke bayan bangonta shekara hamsin ba ta ji shi ba. Merva ta ji haushi, ta kwana biyu ba ta leƙa shagon ba, sannan ta koma don ba ta da wani wurin zuwa.

Wata Asabar da rana ta fito ba ta da niyyar ko'ina, ta tsinci kanta a tsaye a ƙofar gidan burodin. Ƙarfe a sauke. Ta jingina da shi, kai a karkace. Motoci na wucewa, wani yaro na buga ƙwallo a bango can nesa, amma daga cikin shagon babu komai. Ta daɗe tana sauraren wannan babu komai ɗin. Ba irin shirun shagon da ya mutu ba ne, ta san wancan, ta sha jin sa daga kujerar bas. Wannan shiru ne mai ɗumi, na wurin da aka share aka goge aka rufe wa kwanuka baki, aka ce masa ya kwanta zuwa gobe. Ta ɗauki sautin kowane shago a layin nan, ta kuma ɗauki na Kawu na kwana shida, amma na bakwai ɗin ta ɗauka rami ne da ya kamata a cike.

Ranar Litinin ta shiga. Bai kore ta ba, bai kuma ce ta zauna ba. Ta ba shi haƙuri a tsaye, a taƙaice, don ta san ba ya son dogon zance. Sannan ta faɗi abin da ya kawo ta. Ta ce ya bari ta mayar da shi shafin, amma daga faɗuwar rana ta Juma'a za ta sauke masa ƙarfe kamar na ƙofarsa. Babu wurin dannawa, babu murya, babu injin. Hoton ƙofa a rufe kawai, da layi ɗaya da ke cewa Kawu Eustace yana hutun Asabar, zai buɗe in rana ta faɗi.

Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. Ya ce shekara hamsin yana kallon abin da mutum ke yi in ya tarar da ƙofa a rufe. Ba ya zagi, ba ya fushi, juyawa kawai yake ya tafi inda aka buɗe. Ya ce bai taɓa ganin laifinsu ba, shi ya zaɓi hanyarsa. Balle waɗannan da ke saye da yatsa, waɗanda in abu ya yi jinkirin numfashi ɗaya sun tsallake. Merva ta ce ita ma ba ta sani ba ko za su jira. Wannan amsar ce ta sa ya ɗago ya dube ta. Ya ce ta yi, dama saura 'yan makonni, ba abin da zai canza.

Asabar ta farkon Disamba ta zo da gajimare mai kauri. Merva ta wuni a shagon Claudette. Wayar na kuka, amma na mai kifi ne, na mai man gashi ne, na mai keke ne. Ta riƙa leƙa shafin Kawu tana ganin ƙofar a rufe, ba ta da hanyar sanin ko wani ya zo ya tsaya a gabanta, ko ya zo ya wuce. Claudette ta ba ta shayi ya huce a hannunta. Ta ce mata, "In kika ci gaba da kallon wayar nan haka, sai ta ji kunya ta mutu." Merva ba ta ko yi murmushi ba. Duk jikinta ya gaya mata tsohon ya fi ta sanin mutane.

A watan nan rana kan faɗi kafin ƙarfe huɗu. Tun kafin nan Merva ta je ta tsaya a ƙofar gidan burodin. Fitilun titi suka fara kamawa ɗaya bayan ɗaya, yayyafi na sauka marar ƙarfi. Can ta hango shi yana tahowa daga coci cikin baƙar kwat da hula, a hankali, yana kauce wa ruwan da ya taru. Ya iso ya tsaya kusa da ita. Ta nuna masa wayar cewa lokaci ya yi. Ya girgiza kai, ya ɗaga ido wajen yamma, bayan rufin gidaje, inda babu rana babu alamarta, sai wani ɗan haske ja-ja a ƙasan gajimare. Shi ba waya ke faɗar masa da rana ba. Suka tsaya su biyu suna kallo, bas ya wuce da fitilunsa, tantabaru suka koma ƙarƙashin gada. Hasken ya dushe, ya zama toka, ya tafi.

"To, buɗe," in ji Kawu.

Ta danna. Ƙarfen hoton ya ɗaga, injin ya kama ɗingishinsa a cikin tafin hannunta, muryarsa ta biyo. Sai shiru. Kawu ya ciro mabuɗi yana neman ramin kwaɗo, bai ko dube ta ba, kuma Merva ta gane tausayinta yake ji. Ta buɗe baki za ta sake ba shi haƙuri, wayar ta yi kuka.

Wayar ta sake yi. Kafin ta duba na biyun na uku ya shigo, sannan suka riƙa zuwa a jere, wani kan wani, har kukan ya daina rabuwa. Matar nan ta Leeds ce ta farko. Ta rubuto cewa tun azahar take zaune da wayar a kan tebur, ita da 'ya'yanta, suna duba taga.

Hannun Kawu ya tsaya a kan kwaɗon. Bai nemi ganin sunaye ba, bai tambayi nawa ba ne.

"Duk yanzu suka zo?"

"Yanzu, Kawu. Babu wanda ya taɓa kafin nan, babu hanya ma."

"Kuma sun ga a rufe yake."

"Tun jiya suke gani."

Ya daɗe yana kallon ƙarfen ƙofarsa. Leɓensa na motsi, ta ɗauka addu'a yake yi, sai ta ji abin da yake faɗa, ƙasa-ƙasa, ba da ita ba.

"Jira suka yi."

Ya ɗaga ƙarfen da kansa, ya ƙi ta kama masa. Ya kunna fitila, ya cire hula ya miƙa mata, ya cire kwat ya ɗora mata a hannu, ya hau naɗe hannun riga yana tafiya ciki. Daga bakin tanda ya juyo.

"Merva, Litinin ki kira mai kawo fulawa. Ki ce masa ya kawo ta Janairu."

Ta ce to. Ta tsaya a bakin ƙofa da hular tsoho da kwat ɗinsa a hannu, ruwa na sauka a kanta, tana kuka ba ta ko ɓoyewa.